Ranar da Aka Hana Malam Bukar Faɗin Zafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsugune a bakin famfon gidan rediyonmu ina alwalar la'asar, ruwan ma kamar an sauke shi daga kan murhu, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na duba na ga Mustafa ne, babban ɗan Malam Bukar. Tun kafin in amsa gabana ya faɗi, don da safe na baro su a asibiti Malam bai san wanda yake kansa ba. Mustafa ko sallama bai iya yi ba. Ya ce, "Yaya Habu, Baba ya cika." Na ce Allah ya jiƙansa, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa alwalata. Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da ya fara zo mini takaici ne, kuma har yau da nake wannan rubutu bai sauka ba.

Wanda bai san Malam Bukar a ido ba ya san shi a murya. Duk mai rediyo daga Haɗeja zuwa Malam Madori, har can Birniwa inda muryarmu take isa da ƙyar, ya san dattijon nan da yake fitowa bayan magariba ya faɗi yadda gari zai wayi, a sake maimaita shi da sassafe. Ba ya buɗe baki sai da kalma guda: "Gobe, in Allah ya kai mu." Har mutane suka laƙaba masa Malam Gobe, shi kuwa yana amsawa da fara'arsa. Ya yi shekaru yana aikin lura da yanayi kafin ya yi ritaya, daga nan ya zo wurinmu. Da ni aka haɗa shi tun zuwansa, ni ne mai shirin manoma, ina gabatar da shi, ina kunna masa na'ura, ina koyo a hannunsa.

Bayanin masana yakan zo masa a waya, da Turanci da lambobi. Ba ya ɗaukarsa ya zuba wa mutane haka nan. Sai ya zagaya bayan gidansa inda ya kafa wani farin akwati mai ma'aunin zafi a ciki, ya duba, ya ɗaga kai ya kalli ƙyallen da ya ɗaure a kan doguwar gora, sannan ya zauna ya juya maganar ta koma ta mutanen fadama. A bazara irin wannan, lokacin da aka yanke alkama, kogi ya ja baya, rana take fitowa da fushinta, a nan ake jin daɗin Malam. Sai ka ji ya ce, "Gobe, in Allah ya kai mu, da hantsi akwai iska mai kyau daga gabas, masu shiƙar alkama ku fito da wuri, don bayan azahar za ta kwanta." Ko ya ce, "Gobe kada wanda ya sa wuta a gona ko a juji. Iska za ta taso da ƙarfi, wutarka za ta ci damin maƙwabcinka." Masunta yakan gaya musu yaushe ruwa zai yi tsit. Makiyaya yakan ce su kai dabbobi mashaya kafin rana ta take. Kullum kuma da abu guda yake rufewa: "In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Ba kowa ne ya karɓe shi hannu biyu ba da farko. Na tuna wata rana muna kasuwa, wani saurayi mai ɗan guntun gemu ya tare shi a gaban masu kifi ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Gobe ta Allah ce, kai wane ne da za ka riƙa faɗin abin da ke cikinta?" Ni har na harzuƙa, Malam ya dafa ni. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana, ta Allah ce. Amma in makiyayi ya ga sawun shanu ya ce garke ya yi gabas, duba ya yi? To ni ma sawu nake bi. Iska tana da sawunta, zafi yana da nasa." Ya saya wa saurayin rake, suka rabu suna dariya.

Ba kuma kullum yake dacewa ba, bai taɓa ɓoye hakan ba. Ranar da hasashensa ya kuskure, da shi yake fara shirin washegari. Yakan ce, "Jiya na ce iska za ta kwanta, ga shi ba ta kwanta ba. Masu shiƙa sun ci riba, Malam Gobe ya sha kunya." Na taɓa ce masa, "Baba, ai da ka yi shiru ba wanda zai tuna." Ya ce, "Habu, wanda ya shanya tattasai iska ta watsa masa zai tuna. In na ɓoye kuskurena yau, da me zai yarda da gaskiyata gobe?" Wata rana kuma da na gabatar da shi na ce yanayi zai yi kyau, muna fitowa ya tsayar da ni a baranda. Ya ce, "Kyau ga wa? Mai shanyar tumatir rana yake so, mai jego ba ta so. Kai dai faɗi abin da zai zo, kowa ya san nasa."

Wannan shi ne mutumin. Yanzu bari in faɗi abin da aka yi masa, don na gaji da jin ana ta "Allah ya yi, kwana ya ƙare" ana sunkuyar da kai.

Wani babban mutum, ba sai na kama suna ba, ya shirya taron rabon injinan ban-ruwa ga manoma. Kowa a ƙasar nan ya san yadda irin wannan taron yake tafiya. A ce ƙarfe goma na safe, alhali kowa ya san babban baƙo ba ya isowa sai rana ta karkata. A aika motoci ƙauyuka a kwaso mutane tun da sassafe don filin ya cika, hoto ya yi kyau. A kuma ce duk wanda ba ya wurin lokacin da mai girma ya iso ba shi da rabo, saboda haka ba mai iya motsawa ko da fitsari ya matse shi. Filin da aka zaɓa kuwa fetal yake, a gefen hanyar Malam Madori, ko bishiya ɗaya ta kirki babu.

Ana gobe taron, da yamma, shugaban kwamitin shirye-shirye ya zo gidan rediyonmu. Ciyaman ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ya shigo yana ta ƙamshin turare, ya sami Malam a zaune yana shirya abin da zai faɗa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, yaya goben take?"

Malam ya ce, "Goben ba ta da daɗi, Alhaji. Zafin da ba mu gani ba tun shigowar bazarar nan shi ne zai sauka. Tun hantsi ma'auni zai haura arba'in, bayan azahar kuma iska mai zafi za ta taso, irin mai busar da maƙoshi. Zan ce tsofaffi da masu goyo da marasa lafiya kada su tsaya a rana. Da za ku ji shawarata, ku mayar da taron bayan la'asar, ko ku kafa wa mutane rumfuna."

Ciyaman ya yi dariya ya ce, "Haba Malam! Mu da aka haifa cikin rana? Yaushe Bahaɗeje ya fara tsoron zafi? Ka dai sassauta harshe. Ka ce gari zai yi daɗi, in sha Allahu. Mai girma zai taso tun daga nesa, bai kamata ya tarar da fili ba kowa ba."

Malam ya cire tabaransa ya ajiye. Ya ce, "Alhaji, da zan iya roƙon rana ta sassauta saboda mai girma, da na roƙa. Amma rana ba ta jin ranka ya daɗe. Abin da na gani shi zan faɗa."

Ciyaman ya tashi ya wuce ofishin manaja. Ba a daɗe ba manaja ya leƙo, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura, ya ce kwamitin taro ya sayi lokacin magariba da na safe gaba ɗaya, shirin yanayi sai jibi. Na ce, "Manaja, ko minti biyu a ba shi." Ya ce an riga an gama magana. A daidai lokacin da mutanen fadama suka saba kasa kunne su ji Malam Gobe, kiɗa aka sakar musu da kirarin mai girma, ana ta nanata cewa kowa ya fito kwansa da kwarkwatarsa. Tir da wannan ciniki! Abin da mutum zai tsira da shi aka cire daga kunnensa aka cusa masa ganga.

Ni an tura ni filin ɗauko rahoto. Na isa da hantsi na tarar an cika maƙil, manyan motoci suna ta sauke mutane. Tsofaffin da ko tafiya ba sa iyawa sai da sanda, mata da jarirai a baya, duk an jera su a rana kamar an shanya barkono. A gaba kuwa ga rumfuna manya guda biyu, kujeru a jere an lulluɓe su da farin yadi, ba kowa a kai, an sa wasu samari da kulake suna gadi. Injinan ma da aka zo rabawa an yi musu tasu rumfar, wai kada rana ta ɓata fentinsu kafin a ɗauki hoto.

Ina cikin kallon wannan abin takaici sai na hangi keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin fili. Malam ne ya fito, da farar rigarsa da malafa, bayan keken cike da jarkokin ruwa. Mutumin da ya haura saba'in, ga hawan jini. Na ruga na ce, "Baba, me ya fito da kai? Kai da bakinka ka ce tsoho kada ya tsaya a ranar nan." Ya ce, "Na faɗa, amma wa ya ji? An toshe mini rediyo, ba a toshe mini ƙafa ba. Kama jarkar nan."

Haka ya riƙa bin layi yana ba mutane ruwa a moɗa, yana faɗa musu da baki abin da aka hana shi faɗa a na'ura. Wannan ya ce ta cire wa jariri hular ulu. Wancan ya ce ya jiƙa rawaninsa ya ɗora a ka. Ya tura wasu su raɓe a gefen manyan motoci inda akwai ɗan siririn inuwa. Da yawa sun gane muryarsa, kana jin ana "Malam Gobe ne, wallahi shi ne." Amma ba wanda ya yarda ya bar wurin, kowa yana tsoron a yi rabo ba ya nan. Ban kuma ga laifinsu ba, injin ban-ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai noman rani.

Wajen azahar iskar da ya faɗa ta taso, in ta buge ka a fuska kamar ka leƙa tanderu. Wata tsohuwa ta sulale ta faɗi a layin mata. Malam ya yayyafa mata ruwa, ya sa aka tallafo ta, ya nufi rumfa da ita da wasu tsofaffi a bayansa. Samarin nan suka gitta kulake. Malam ya ce, "'Ya'yana, kujerun nan ba kowa a kai. Ku bar iyayenku su zauna, in manyan sun iso sai su tashi." Ɗaya daga ciki ya ce, "Baba, an ce mana ko ƙuda kada ya sauka a kai." Aka kira Ciyaman. Ya fito daga motarsa mai sanyi, ya tsaya daga cikin inuwa, Malam yana daga waje, ya ce, "Malam, ka hana mu sakat jiya, yau ma ka biyo mu? In aka bar mutum ɗaya duk za su afko, su ɓata wurin. A yi haƙuri, mai girma yana hanya." Ya juya abinsa.

Na ga Malam ya waiwaya ya dubi tsofaffin da suke bayansa. Ya cire malafarsa ya kifa wa tsohuwar nan a fuska. Ya ɗan yi taku biyu, sai na ga gwiwarsa ta lanƙwashe. Da na tare shi jikinsa zafi rau, kuma ko ɗigon gumi babu.

Muka sa shi a keken da ya kawo shi. Mun hau titi ke nan sai ga jiniya, mai girma ya iso. Aka tsayar da mu a gefe. Na fito ina ihu ina cewa rai ne a hannunmu, wani mai kaki ya ce in koma ciki in ba so nake a fasa mini baki ba. Muna tsaye, kan Malam a cinyata, motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙen gilasai a rufe, daga fili kuma ana ta guɗa da tafi. Ban taɓa jin ƙyamar wani sauti ba kamar tafin nan. Da muka isa asibiti ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma Malam bai sake magana ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Na yi imani da ajali, ba wanda yake wuce kwanansa. Amma ajali ba tabarma ba ce da kowane mai sakaci zai shimfiɗa ya rufe ƙazantarsa. Allah ne ya kawo zafin, gaskiya ne. Shi ne kuma ya ba wani bawansa ilimin ganin sawunsa tun ana gobe. Mutane ne suka sayi bakin wannan bawan don hoto ya yi kyau, mutane ne suka fifita kujera da fentin inji a kan tsohuwa.

Abin da ya ƙarasa tayar mini da zuciya shi ne zaman makoki. Ranar uku sai ga Ciyaman da tawagarsa, da mai ɗaukar hoto a gaba, da buhunan shinkafa a baya. Aka shimfiɗa masa darduma a gindin darbejiyar da Malam ya dasa da hannunsa, ya baje a inuwa, ya ɗaga hannu yana cewa, "Mun yi rashin uba. Haɗeja ta yi rashin masani. Kullum muna amfana da shawararsa." Har da share ido da bakin hula. Na dubi Mustafa na ga yana cizon leɓe. Ni kuwa na tashi na koma bayan gida, don in na zauna zan yi abin da zai ɓata makokin.

A can Ciyaman ya same ni, kusa da farin akwatin Malam. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Habu, an ce yanzu kai za ka riƙa karanta yanayin ko? Madalla. To ranar Laraba muna da kashi na biyu na rabon injinan a wajen Birniwa. Kai yaro ne mai hankali, ka san abin da ya kamata. Kada a tsorata mutane." Ko kunya! Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Na cire hannunsa daga kafaɗata na ce, "Alhaji, abin da na gani shi zan faɗa." Ya yi murmushi ya ce zai yi magana da manaja.

Da yamma Inna Falmata, matar Malam, ta aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Daga bayan labule ta ce, "Habu, shinkafar nan na sa a mayar musu, ba za ta shiga tukunyata ba. Akwatin nan na bayan gida kuwa, tun ranar da aka kwantar da shi ba wanda ya buɗe. Kullum da asuba nakan ji ƙarar murfinsa, yanzu shiru. In za ka iya, ka riƙa zuwa kana dubawa." Na ce zan iya, Inna. A nan ne kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar ya zo mini.

Tun daga ranar ina zuwa. Ba ni da ilimin Malam, amma ya koya mini karanta bayanin masana, ya koya mini kallon ƙyalle. Jiya manaja ya kira ni ya ce lokacin magaribar Talata da na safiyar Laraba an saye su, ya kuma ƙara da cewa in yi wa kaina faɗa, aiki yana wuya a garin nan. Na ji. Ina da iyali, na san abin da nake taɓawa. Amma tunda an sake sayen rediyon, bari in faɗa a nan, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Ranar Laraba, in Allah ya kai mu, zafin ba zai ragu ba, alamu ma sun nuna zai fi na wancan makon, kuma iska mai zafi za ta taso bayan azahar. Mutanen Birniwa da kewaye, kada ku bari a ɗora iyayenku tsofaffi a mota. Mai goyo ta zauna a gida. Wanda ya zama dole ya je, ya tafi da ruwansa da abin rufe kansa, in kuma ya ga rumfa ba kowa, ya shiga ya zauna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ya Allah, ga bawanka Bukar ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Ka sa ruwan da ya shayar da bayinka a filin nan ya zama sanadin shansa daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Inna Falmata haƙuri da juriya, ka riƙa wa Mustafa da ƙannensa, ka sa albarka a bayansa, kada ka bar su su nemi komai a hannun waɗanda suka tsayar da shi a rana. Mu da muka rage, ka ba mu ƙarfin faɗin abin da muka gani, ka sa mu cika da imani.

Ya Ubangiji, a duniya ya roƙa wa tsofaffi inuwar rumfa an hana shi. Ranar da rana za ta sauko kan halitta, babu sauran inuwa sai taka, ka shigar da Malam Bukar ciki, ka zaunar da shi.

Amin.